Brenda Barnes: yadda ta ajiye shugabancin Pepsi, da igiyar da ba ta saki ba

A watan Satumba na 1997 aka sanar da cewa Brenda Barnes, shugabar sashen lemon kwalba na kamfanin PepsiCo a Arewacin Amurka, za ta ajiye aiki. Shekarunta 43 a lokacin. Ta kwashe kimanin shekara 22 a kamfanin, kuma ba ta wuce shekara ɗaya da rabi a kan wannan kujerar ba. Babu wanda ya kore ta, babu wata badaƙala, babu kuma wani kamfani da ya yi mata tayin da ya fi tsoka. Dalilin da ta bayar shi ne 'ya'yanta uku, masu shekara 10 da 8 da 7.

Kujerar ba ƙarama ba ce. Sashen da take jagoranta yana cinikin sama da dala biliyan 7 a shekara, kuma shi ne ke fafatawa gaba da gaba da Coca-Cola a kasuwar gida. A waccan shekarar, matan da ke shugabancin manyan kamfanoni 500 na Amurka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ana ambaton sunan Barnes cikin waɗanda wata rana za su iya gadon kujerar PepsiCo baki ɗaya. Wannan ne ya sa murabus ɗin mutum ɗaya ya zama zancen ƙasa.

Tun daga lokacin ana kafa hujja da labarinta ta fuska biyu. Wasu na cewa ga shaida, mace ba za ta iya riƙe babban aiki da gida a tare ba. Wasu kuma, bayan ta dawo babban aiki a 2004, suka ce ga shaida, mace na iya tafiya ta yi renon 'ya'yanta ta dawo ta tarar da kujera. Duk wanda ya bi lamarin daki-daki zai ga cewa kowanne ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ne.

Daga River Grove zuwa Somers

An haife ta a 1953, ta tashi a River Grove da ke gefen birnin Shikago, a gidan 'ya'ya mata bakwai. Mahaifinta mai haɗa bututu ne a masana'anta. Ba gidan kuɗi ba ne, ba kuma gidan da ke da wani a sama ba. Ta kammala kwalejin Augustana a 1975, ta ɗan yi ƙananan ayyuka, sannan a 1976 ta shiga Wilson, kamfanin kayan wasanni da a lokacin yake ƙarƙashin PepsiCo. Tana aiki tana karatu har ta sami digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci daga jami'ar Loyola ta Shikago. Daga Wilson ta koma Frito-Lay, reshen da ke yin soyayyen dankali da makamantansa, daga nan ta shiga ɓangaren lemo a tsakiyar shekarun 1980, tana hawa mataki-mataki har zuwa 1996 da aka damƙa mata sashen gaba ɗaya, mai hedikwata a Somers ta jihar New York.

Irin wannan hawan yana da sharaɗin da ba a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki. Duk ƙarin girma yana zuwa ne da ƙaura zuwa wani gari, kuma wanda ya ce a'a sau biyu ba a cika tambayarsa na uku ba. Barnes ta yi ƙaura sau da dama. Mijinta ma babban jami'i ne a PepsiCo, saboda haka gida ɗaya ne ke ɗauke da nauyin manyan ayyuka biyu.

Yadda jaridun lokacin suka bayyana yininta ya isa a gane matsalar. Takan tashi wajen ƙarfe 3:30 na dare, gari tsit, ta zauna kan takardun ofis kafin yara su farka. Sai shirin makaranta, sai hanya, sai ofis har bayan faɗuwar rana. Ta dawo ta ɗan ga yara kafin su yi barci, idan tana gari ke nan. Awa 70 a mako ba abin mamaki ba ne, ban da tafiye-tafiye zuwa wurin masu kwalba da manyan dillalai da liyafar cin abincin dare da ba a iya ƙin zuwa. Abin da ita kanta ta riƙa ambata shi ne ranakun zagayowar haihuwar 'ya'yanta da ta yi a ɗakin otal a wani gari. A wurin Ba'amurke wannan rana ba wasa ba ce. Yaro yana lissafin wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Wani abu da ake yawan tsallakewa shi ne shekarun yaran. Ba jarirai ba ne. Yawancin dokokin da ake yi don uwa ma'aikaciya sun fi karkata ne ga lokacin jego. Dokar hutun iyali da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1993 ta ba da mako 12 ba tare da albashi ba, ga ma'aikatan kamfanonin da ke da mutum 50 zuwa sama. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma mako 12 ta tanada, da aƙalla rabin albashi. Barnes ta wuce wannan matakin sau uku tana bakin aiki. Inda abin ya ci tura shi ne bayan shekara goma, lokacin da yaro ya daina buƙatar a goya shi ya fara buƙatar a saurare shi. Mai reno na iya ba jariri madara. Ba ta iya zama a madadin uwa ranar da ɗan shekara 10 ya dawo daga makaranta da magana a bakinsa. Babu hutun da waɗannan dokokin biyu suka ware wa wannan.

Me ya hana a rage mata aikin?

Shugabannin kamfanin sun so ta zauna, kuma an duba ko da hutu ko da sassauta mata nauyi za a shawo kanta. Ba ta karɓa ba. A ganina ta fi masu ba ta shawara fahimtar irin aikin da take yi. Akwai ayyukan da ake iya rabawa biyu a ba mutum rabi: likitan da ke duba marasa lafiya kwana uku a mako, ko mai harhaɗa magunguna da wani ke karɓarsa da yamma. Shugabancin sashe mai dubban ma'aikata ba ya cikinsu. Idan Coca-Cola ta karya farashi ranar Juma'a da dare, ba za a jira Litinin ba.

Masaniyar tattalin arziki ta jami'ar Harvard, Claudia Goldin, wadda ta sami lambar Nobel a 2023, ta kira irin waɗannan ayyuka masu haɗama. Bayaninta shi ne, a wasu sana'o'i wanda ke yin awa 60 ba kashi 50 cikin 100 kawai yake ɗara mai awa 40 a albashi ba, yakan ninka shi ko fiye, domin abin da ake saya shi ne kasancewarsa a shirye kowane lokaci. Idan miji da mata duk suna irin wannan aikin kuma ga yara, dole ɗaya ya zama wanda makaranta ke kira idan yaro ya faɗi. Lissafin kuɗi kan nuna gara ɗaya ya ja baya sosai da a ce dukansu su ja baya kaɗan-kaɗan, kuma galibi macen ce ke ja. A wani bincike da Goldin ta yi tare da Marianne Bertrand da Lawrence Katz, wanda ya fito a 2010, sun bi sawun ɗaliban da suka gama digirin kasuwanci a jami'ar Shikago tsakanin 1990 da 2006. Maza da mata sun fara aiki da albashi kusan ɗaya. Bayan shekara goma zuwa sama tazara ta buɗe sosai, kuma mafi yawanta ya samo asali ne daga ƙarancin awannin aiki da katsewar aiki, abubuwa biyu da ke biyo bayan haihuwa.

Da labarin murabus ɗin ya fita, mata da yawa a manyan ofisoshi sun ji haushi. Tsoronsu a fili yake: gobe idan aka zo ƙarin girma, wani zai ce ku tuna da ta Pepsi, a ba namiji kawai. Barnes ta san da wannan. Ta roƙi kada a karanta shawararta a matsayin mata ba za su iya ba, a dubi shekara 22 da ta ba kamfanin duk abin da take da shi. Ta kuma faɗi wata magana da ta fi komai nauyi a lamarin: ba wai yaran ne ke ƙara buƙatarta ba, ita ce ke ƙara buƙatarsu. Mata da yawa da ke barin aiki kan fake da cewa yara ne ke shan wahala, saboda al'umma ta fi karɓar sadaukarwa a kan so. Ita ta ce so take yi. Wannan ya cire wa 'ya'yan nauyin a ce su ne suka raba uwarsu da kujera, nauyin da wasu yara ke girma da shi har tsufa.

Shekara bakwai da ake kira zaman gida

Iyalin sun koma Naperville, wani gari a yammacin Shikago. Ta yi abin da ta ce za ta yi: kai yara makaranta, ɗauko su, zama a gefen fili ana wasa, cin abincin dare tare. Amma duk wanda ya ce ta bar aiki bai duba takardunta ba.

A cikin waɗannan shekaru ta zauna a kwamitin daraktoci na kamfanoni da dama, ciki har da Avon mai kayan kwalliya, da Sears, da Staples, da kamfanin jaridar New York Times, da Starwood mai otal-otal ɗin Sheraton da Westin. Daga ƙarshen 1999 zuwa farkon 2000 ma ta riƙe Starwood na wucin gadi a matsayin mai kula da gudanar da ayyukansa, na 'yan watanni, sannan ta sake komawa gida. Ta koyar a makarantar kasuwanci ta Kellogg da ke jami'ar Northwestern. Ta kuma yi wa tsohuwar kwalejinta Augustana hidima a kwamitin amintattu.

A nan ne asirin yake, kuma ya dace a tsaya a kai. Aikin darakta ba kamar na shugaban gudanarwa ba ne. Kwamiti yakan zauna sau 'yan kaɗan a shekara, kuma ana sanin ranakun tun watanni kafin su zo, don haka mutum na iya duba kalandar makarantar yara ya tsara kansa. Ana turo takardu a karanta a gida. Ana biyan kuɗi mai kauri, wani ɓangare a hannun jari. Abin da ya fi kuɗin ma shi ne mutanen da ke kewaye da teburin: shugabannin wasu kamfanoni, manyan masu banki, da waɗanda ake tuntuɓa idan ana neman sabon shugaba. Darakta yana ganin lissafin kamfani daga ciki, yana cikin masu ɗaukar shugaba da masu sallamarsa. Barnes, wadda a da kasuwar lemo da dankali ta fi sani, ta fito daga waɗannan shekarun ta san harkar jarida, ta san ta otal, ta san ta manyan kantuna. Abin da ta ajiye a 1997 shi ne awannin da wani ke tsara mata. Sunanta da iliminta da mutanenta duk suna nan suna ƙaruwa. Kamar mai rijiya ce da ta daina ɗiban ruwa kullum amma ba ta bar guga ya faɗa ciki ba.

Sai dai ba kowace mace ake kira kwamitin daraktoci ba. Ana kiran wadda ta riga ta kai ƙololuwa ne. Da Barnes ta tafi a 1987, lokacin da ta haifi ɗan fari tana matsakaicin muƙami, da wuya wani ya tuna da ita. Ga kuma dukiyar da ta tara a shekara 22, da kuɗin da mijinta ya tara. Gidan da ke da wannan ba ya lissafin kuɗin makaranta idan albashi ɗaya ya tsaya.

Ga abin da ke samun sauran. A 2005 Sylvia Ann Hewlett da abokiyar aikinta suka wallafa sakamakon wani bincike kan mata masu manyan takardu a Amurka. Kashi 37 cikin 100 sun taɓa barin aiki da kansu na wani lokaci, matsakaicin tsawonsa shekara biyu da 'yan watanni. Kashi 93 na waɗanda ke gida suna son komawa. Kashi 74 ne suka sami komawa, kuma kashi 40 kacal suka koma cikakken aiki irin na sana'arsu. Wadda ta yi shekara uku ko fiye a waje takan yi asarar kusan kashi 37 na abin da za ta iya samu. Barnes ta yi kusan shekara bakwai ta dawo a sama da inda ta bari. Duk mai ba mace shawara da labarin Barnes ba tare da ya ajiye waɗannan alƙaluman a gefensa ba, bai yi mata adalci ba.

A kamfanin da ta bari akwai wata da ta ɗauki ɗaya hanyar. Indra Nooyi, haifaffiyar Indiya, ta shiga PepsiCo a 1994 tana da 'ya'ya mata biyu, ta zauna, ta zama shugabar kamfanin daga 2006 zuwa 2018. Ta sha bayyana yadda ta jingina da mahaifiyarta da dangi da ma ma'aikatan ofishinta wajen kula da yaran. A 2014 ta faɗa a bainar jama'a cewa ba ta jin mata na samun komai da komai a tare, nunawa kawai ake yi kamar ana samu. Wadda ta tafi da wadda ta zauna, bakinsu ya zo ɗaya a kan tsadar abin. Sun bambanta ne a irin farashin da kowacce ta zaɓa ta biya.

Sara Lee

A tsakiyar 2004, yaran sun zama 'yan sakandare, Barnes ta karɓi muƙamin mai kula da gudanar da ayyuka a Sara Lee, kamfanin da ke nan Shikago kusa da gida. A Fabrairun 2005 aka naɗa ta shugaba, kafin ƙarshen shekarar kuma ta haɗa da shugabancin kwamitin daraktoci. Zaɓen kamfanin ba haɗari ba ne: ba ta sake tayar da iyali ba. Daga baya ma an mayar da hedikwatar kamfanin Downers Grove, maƙwabciyar Naperville.

Abin da ta gada tarkace ne. Sara Lee ya yi shekaru yana sayen kamfanoni barkatai, har ya zama yana sayar da burodi da kek, da nama, da gahawar Douwe Egberts, da singileti da safa na Hanes, da sabulun wanka, har da Kiwi, man goge takalmin nan da ke cikin akwatin kowane mai shushaina. Aikinta shi ne ta sayar da abin da bai dace ba ta tattara ƙarfi kan abinci. Ta raba kamfanin da sassan da ke kawo kusan kashi 40 cikin 100 na cinikinsa. A 2006 aka yaye ɓangaren tufafi ya zama kamfanin Hanesbrands mai cin gashin kansa. Dubban mutane sun rasa aiki a wannan garambawul, kuma a cikinsu akwai iyaye mata da ba su zaɓi zaman gida ba. Ana faɗin wannan ne don kada a mayar da ita waliyyiya. Masu hannun jari ma ba su yi murna sosai ba, domin farashin hannun jarin bai tashi yadda aka yi fata ba, ga kuma rikicin tattalin arziki na 2008 da ya zo ya haɗa kowa. Ta gyara kamfanin ya zama mai tsari, amma ba ta mayar da shi zakara ba. Babu wata alama cewa shekarun da ta yi a gida ne suka jawo haka. Matsalolin sun girmi zuwanta.

Abu ɗaya da ta yi a Sara Lee ya nuna ta san sa'arta ba ta kowa ba ce. A ƙarshen 2008 kamfanin ya buɗe shirin komawa bakin aiki ga ƙwararrun da suka yi shekaru a gida. Ana ɗaukar mutum na 'yan watanni, ana biyansa, a ba shi aiki na gaske, shi ya gwada kansa kamfani ma ya gwada shi. Dabarar tana magance abin da ke kashe takardar neman aikin irin waɗannan mata: mai tantancewa ya ga gibin shekara biyar, ya ajiye takardar gefe ba tare da ya ga mai ita ba. Bankin Goldman Sachs ma ya fara makamancin shirin a wannan shekarar, kuma daga baya kamfanoni da yawa a Amurka da Birtaniya da Indiya sun bi sahu. Guraben ba su da yawa idan aka kwatanta da masu nema, kuma an buɗe shirin ne a daidai lokacin da kamfanoni ke sallamar ma'aikata. Duk da haka, wannan ne karon da wata da ta bi hanyar ta yi ƙoƙarin share ta ga waɗanda ba za a taɓa kira kwamitin daraktoci ba.

A watan Mayu na 2010, tana da shekara 56, ta gamu da bugun jini da ya shanye mata ɓarin jiki. A watan Agusta ta yi murabus daga Sara Lee don ta fuskanci jinya. 'Yarta, wadda ta gama jami'a a daidai lokacin, ta jinkirta fara aiki ta zauna tana kula da ita, har ta sake koyon tafiya da sauran abubuwan yau da kullum. Masu son labarin ya ƙare da daɗi kan ce ga ladan zaman gida nan ya fito. Ni dai ina ɗari-ɗari da wannan karatun, domin 'ya'yan matan da ba su taɓa barin ofis ba ma suna jinyar iyayensu, kuma Barnes ba don ta sayi mai jinya ta tafi ba.

Sara Lee bai daɗe a bayanta ba. A 2012 aka raba shi biyu: ɓangaren nama ya zama Hillshire Brands, wanda kamfanin Tyson ya saye a 2014, ɓangaren gahawa da shayi kuma ya koma Holan da sunan D.E Master Blenders 1753. Brenda Barnes ta rasu ranar 17 ga Janairun 2017, bayan wani bugun jinin, tana da shekara 63.